Ƙugiya

Shekara talatin da ɗaya ina ɗakin kati,
asibitin cikin gari, in ka shigo sai ka yi hagu.
Na san warin takarda in damina ta taɓa ta.
Na san gara: ba ta iya karatu ba,
amma takan cinye tarihin mutum ɗari a dare guda.

Majinyaci ya zo daga Rimi, katinsa na Mani,
Mani ba ta san Rimi ba, balle ta san da mu.
A sake tambaya, a sake ɗibar jini, a sake biya.
Wani kafin a gano fayil ɗinsa
an riga an aika gida a ɗora ruwa.

Sai ga yara da kwamfutoci,
wai za su koya wa na'urori gaisawa:
ta asibiti ta miƙa wa ta banki hannu,
ta banki ta san layin waya,
layin waya ya san katin ɗan ƙasa.
Na ce to, dangi sun yi yawa,
Allah ya sa a zauna lafiya.

Ba zan ɓoye alheri ba, da idona na gani.
Wata Laraba aka kawo Tabawa daga hanyar Jibiya,
ba baki, ba ɗan rakiya.
Zinatu ta ɗora mata babban yatsa a gilashi,
allo ya ce kada a yi mata wannan allura,
jikinta ba ya ɗauka.
Wani likita ne a Funtuwa ya rubuta, shekara huɗu baya,
bai san ranar da yake rubuta wa ba.
Nas ta ajiye sirinji, hannunta na rawa.

Amma ni sunana Ɗalhatu.
Da ƙugiya a kai, yadda aka koya mini a aji biyu.
Wata na'ura ta karɓe ta,
wata ta ɓalle ƙugiyar ta yar,
ta uku ta dasa alamar tambaya a gurbinta.
Da kowacce na ɗakinta, wa ya damu?
Ranar da suka zauna suka haɗa baki
sai suka yanke cewa mu uku ne,
biyu daga ciki kuma ɓarayi.

Litinin banki ya rufe.
Talata layina ya mutu.
Fansho ya zo bakin ƙofa, ya juya.
Alhamis na je karɓar maganin hawan jini
a tagar da na tsufa a bayanta,
Zinatu ta ce, Baba, ba ka ciki.
Ni fa na nuna mata inda ake rataye makulli.
Ta duba allo, ta dube ni,
ta rasa wanda za ta ƙaryata.

Ilu mai walda a Ƙofar Guga ya nemi rancen inji,
aka ce a'a, ba a faɗi dalili ba.
Ni da shi mun san abin da ke fayil ɗinsa.
A zamanina wannan magana tana bayan kwado,
kwadon kuma ba ya hira da kowa.

Rumfunan kasuwa in an haɗe rufinsu
inuwa takan yi faɗi, kowa ya sha.
Ku tambayi wanda ya taɓa kwana yana kashe gobara.
Ban ce a raba ba.
Na ce a bar rata, a bar ƙofa,
a bar mutum ɗaya mai biro
wanda zai ce: na san shi, wannan Ɗalhatu ne.

Wata uku ke nan. Na je kotu
na rantse cewa ni ne ni, an buga hatimi.
An ce in dawo.

Jiya na ga Tabawa a Ƙofar Ƙaura tana suyar awara.
Ba ta gane ni ba.
Na biya da ɗari biyun da na ranto,
ta ƙara mini guda biyu gyara.